Cushewar Ciki da Rikicin Hanji: Wane Magani Ne Ya Dace da Cikinka?

  Ina gaida mutanen cikin garin Haɗejiya. Ina gaida na Auyo da Kafin Hausa da Malam Madori, da Kiri Kasamma da Guri, har Birniwa da Kaugama. Sannu da aiki, manomin da ya rataye rediyonsa a bakin fadama yana ban ruwa. Sannu da ƙoƙari, masunta. Iyayenmu mata na tsakar gida, barkanku da aiki.

Yau zancen ciki za mu yi. Zancen bayan gida. Na san magana ce mai nauyi a baki. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne. Amma akwai damuwar da in ka bar ta a ciki, kai za ta ci. Don haka a gafarce ni, zan kira abubuwa da sunansu.

Larura biyu ce a gabanmu. Ta farko cushewar ciki wadda ta daɗe. Ta biyu wadda likitoci ke rubutawa da haruffa uku, IBS. Ni zan kira ta rikicin hanji. Sun yi kama, amma maganinsu ya sha bamban. Ku riƙe wannan, don zan yi ta maimaita shi: magani sai ya dace da irin cikin.

Mu fara da cushewar ciki.

A ƙarshen hanyar abinci akwai babban hanji. Tsawonsa kamar mita 1 da rabi. Aikinsa tsotse ruwa daga ragowar abinci. Kun san lakar fadama idan ruwa ya janye. Kwana biyu tana nan da laushi. Bayan mako biyu ta bushe, ta tsattsage, sai da fartanya. Haka bayan gida yake. Muddin ya daɗe a hanji, hanji na ta shanye ruwansa. Sai ya yi tauri, ya fito ƙwaya-ƙwaya kamar kashin awaki.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Ba dole ne mai lafiya ya zaga kullum ba. Daga sau 3 a rana zuwa sau 3 a mako, duk lafiya ce, in dai yana fita cikin sauƙi. Cushewa ita ce ka kasa kai sau 3 a mako. Ko ka yi ta yunƙuri. Ko ka tashi kana jin da saura. Idan haka ta ɗauki wata 3 ko fiye, ta zama mai daɗewa ke nan.

To, rikicin hanji fa?

Shi babbar alamarsa ciwo. Ciki ya murɗa, ya kumbura, ya cika da iska. Sau da yawa in an zaga sai a ji sauƙi. Wani nasa da cushewa yake zuwa. Wani da gudawa. Wani kuma yau gudawa, jibi cushewa. Ƙa'idar da likitocin hanji suka fitar a 2016, wadda ake kira da sunan birnin Rum, ta ce ciwon ya riƙa zuwa aƙalla rana 1 a kowane mako cikin wata 3, kuma ya kasance ya fara tun wata 6 da suka wuce.

Abin da ke ɓata wa mai wannan larura rai shi ne, a yi gwaji a ce masa ba a ga komai ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ba ƙarya kike yi ba, ba kuma raki ba ne. Jikin hanjin lafiyarsa ƙalau. Jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa ne suka cika ji. Iskar da wani ba zai ma san da ita ba, ke sai ta hana ki sukuni. Shi ya sa damuwa da rashin barci ke tayar da shi. Kuma ku kwantar da hankali, rikicin hanji ba ya rikiɗa ya zama ciwon daji.

Mu mutanen bakin kogi akwai abin da ya shafe mu a nan. Mun ga ambaliya a 2020, mun sake gani a 2022. Bayan ambaliya rijiyoyi kan gurɓace, gudawa ta biyo baya. Bincike ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 10 da suka yi gudawa mai tsanani ta ƙwayar cuta, hanjinsu kan ci gaba da rikici bayan ƙwayar ta tafi. Ƙwayar ta mutu, amma hanjin bai huce ba.

Ku ɗauka wata baiwar Allah ce haka ta same ta. Ta je kemis, an ce taifod. Ta sha magani. Ciwon ya dawo, an ce ulsa. Ta sha. Ya dawo, maƙwabciya ta ce basir ne, aka sayo mata jiƙo a kasuwa. Shekara ta zagayo, ta shanye Flagyl da kafso iri-iri, kuɗin shinkafarta ya ƙare, cikin yana nan yadda yake. Wannan labarin yana mini ciwo, domin ba gida ɗaya ba ne. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da muke saye barkatai ba sa warkar da rikicin hanji. Suna ma kashe ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a hanjin.

Kafin in shiga sunayen magunguna, ga kashi mafi muhimmanci a shirin nan. Wanda ke aiki ya ɗan dakata ya saurara. Akwai alamomin da in ka gan su, ba kemis za ka nufa ba, asibiti za ka nufa.

Jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi kamar kwalta. Rama ba dalili. Ƙarancin jini. Zazzaɓi. Gudawar da ke tashe ka daga barci. Ƙullutu a ciki. Ko kuma ka haura shekara 50, cikinka da ka sani ya sauya hali farat ɗaya.

Zan sake faɗa. Jini, rama, ƙarancin jini, zazzaɓi, gudawar dare, ƙullutu, da sauyin ciki ga mai shekaru.

Don Allah kada a ce duk jini basir ne. Basir na sa jini, haka ne. Amma ciwon dajin hanji ma na sa jini, kuma likitocin ƙasar nan suna ganinsa har ga waɗanda ba su kai 50 ba. Masunta da manoman shinkafa kuma, ku da kuke wuni cikin ruwa, akwai tsargiya. Mun fi saninta da fitsarin jini, amma akwai wadda hanji take kamawa, ta sa ciwon ciki da jini a bayan gida. Gwajin bayan gida na iya nuna ta, kuma tana da maganinta, furazikwantel. A fara da Babban Asibitin Haɗejiya. In ana bukatar leƙa hanji da na'ura, za a tura ka gaba, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Akwai kuma ta gaggawa. Ciki ya kumbura tim, ana amai, ba bayan gida, ko iska ba ta fita. Wannan toshewa ce. Kun ga yadda kacala ke cike hanyar ruwa a fadamunmu. In ka ƙara turo ruwa ta hanyar da ta toshe, gefe zai ɓalle. Hanji ma haka. Mai wannan hali kada a ba shi maganin wankin ciki ko cokali ɗaya. A kai shi asibiti a daren.

Yanzu mu shiga magungunan cushewar ciki.

Tambayar farko ba me zan sha ba ce. Tambayar farko ita ce, me nake sha yanzu? Magunguna da yawa su ke kawo cushewar. Tiramadol da kodin su ne kan gaba, suna sa hanji ya yi kasala. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, amma tiramadol har yanzu yana aljihun matasa masu aikin ƙarfi. Ɗana, in kana sha don ka jure aikin gona, to ga dalilin da ka kwana biyar ba ka zaga ba. Akwai ƙwayar ƙarin jini ta masu juna biyu. Akwai farin ruwan maganin ulsa mai sinadarin alminiyam. Akwai wasu magungunan hawan jini da na mura. Mai ciki, kada ki daina shan ƙwayar jininki da kanki. Ki faɗa wa ma'aikaciyar awo, akwai yadda za a yi.

Magungunan da ke sakin ciki kuwa, gida-gida ne, kowanne da yadda yake aiki.

Gida na farko, masu ƙara wa bayan gida auki da laushi. Garin isfagula ke nan, wanda ake sayarwa da suna Fybogel. Ɓawon irin wani tsiro ne. In ya sha ruwa sai ya yi yauƙi, kamar yadda kuɓewa da karkashi ke yi a tukunya. Ana dama shi a kofi cike da ruwa, a shanye nan take, kuma ba dab da kwanciya ba. In ba ka sha ruwa sosai ba, ƙara cushe ka zai yi. Yana ɗaukar kwana 2 zuwa 3 kafin ka ga aikinsa.

A nan bari in ɗan ratse. Wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt ya yi aiki shekaru a Yuganda. Ya lura mutanen karkara a Afirka ba su cika fama da cushewar ciki ba kamar mutanen Ingila. Ya danganta haka da abincinsu mai dusa da ganye. Wato abin da Turawa ke saye a kwali, mu yana cikin tuwon dawa da miyar kuka da zogale da rama. Mun koma farar shinkafa da burodi da taliya safe da dare, sai hanji ya rasa abin turawa. Ba na cewa a bar shinkafa, ita ce arzikin yankin nan. A dai haɗa ta da ganye.

Gida na biyu, masu jawo ruwa zuwa cikin hanji. Akwai laktulos, ruwa ne mai zaƙi da kauri. Yakan kai kwana 2 kafin ya yi aiki. Mutane kan sha yau, gobe su ce na jabu ne, su jefar. A ba shi lokaci. Aibinsa yana tara iska, don haka bai dace da mai rikicin hanji ba. Akwai makrogol, gari ne a 'yar leda, ana narka shi a ruwa, wani sunansa Movicol. Bai kai laktulos kumbura ciki ba, sai dai ya fi tsada.

A wannan gidan ne akwai masu sinadarin maganiziyam, irin farar madarar nan ta kwalba da gishirin wankin ciki mai kumfa. A nan zan daɗe kaɗan. Duk mutumin Haɗejiya ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi yankin nan. Ƙoda ce ke fitar da maganiziyam daga jini. In ƙoda ta yi rauni, sai ya taru. Ya kashe jiki, ya saukar da bugun zuciya, har ya kai ga halaka. Kuma ciwon ƙoda kan daɗe a jiki mai shi bai sani ba. Saboda haka mai ciwon ƙoda, ko mai ciwon suga ko hawan jini da bai taɓa gwada ƙodarsa ba, ko dattijo, kada ya mayar da waɗannan abin shan kullum. Na sake faɗa: mai ciwon ƙoda ya nisanci maganin sakin ciki mai maganiziyam.

Gida na uku, masu zaburar da hanji. Akwai bisakodil, 'yar ƙaramar ƙwaya, an fi saninta da Dulcolax. Ana sha da dare, ta yi aiki da safe. Ba a tauna ta, ba a fasa ta. Ba a haɗa ta da madara ko maganin ulsa, sai an ba da tazarar awa 1, don rigar da ke jikinta an yi ta ne ta kai hanji kafin ta narke. Akwai kuma sena, wadda daga dangin filasko aka samo ta. I, filaskon nan da kakanninmu suka sani. Bambancin shi ne, ƙwayar an auna ta, ganyen da aka dafa a tukunya kuwa ba wanda ya san ƙarfinsa. Waɗannan suna murɗa ciki. Na 'yan kwanaki ne, sai in likita ne ya ce a ci gaba.

Akwai farafin na magani, mai ne fari. A kula, ba kananzir ba ne. Yana sa santsi, amma in aka shaƙe shi ya shiga huhu, illa ce babba. Kada a ba ƙaramin yaro, kada a ba tsohon da ke kwance. Akwai kuma na matsawa a dubura, na gilisarin, yana aiki cikin kamar rabin awa, ranar da abu ya tsaya a bakin hanya.

Sai jiƙon kasuwa mai wanke dattin ciki. Zan faɗi ra'ayina ƙarara. Zawo ba waraka ba ne. Ka zaga sau bakwai, ka ji wasai, ka ce datti ya fita. Abin da ya fita ruwan jikinka ne da gishirin da zuciya da ƙoda ke bukata. A zafin watan Afrilu, da ake haura digiri 40, wannan asara ce mai haɗari. Bayan kwana uku hanjin da aka wofintar ba shi da abin fitarwa, sai ka ce cushewa ta dawo, ka sake sha. Haka ake shiga zagaye. Kanwa ma gishiri ce, mai hawan jini da mai ciwon zuciya su kiyaye ta. Mai juna biyu kuwa kada ta kusanci kowane jiƙon wankin ciki.

Duk maganin da ka zaɓa cikin na asibiti, ruwa ne abokin aikinsa. Lokacin azumi a rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur. In bayan gida ya kira ka, ka amsa, kada kunyar baƙi ta sa ka riƙe. Hanji ya fi motsi bayan karin kumallo, a ba shi wannan lokacin.

Mu juya ga magungunan rikicin hanji. Kun tuna abin da na ce? Magani sai ya dace da irin cikin.

In murɗawa ce ta fi damunka, akwai masu sassauta hanji. Hayosin, wato Buscopan, kusan kowane kemis akwai shi. Yana busar da baki, kuma yana iya ƙara cushewa. Mai hawan jinin ido kada ya sha. Dattijon da fitsari ke yi masa wuya, Baba, kai ma kada ka sha, zai iya tsayar da fitsarin gaba ɗaya. Akwai mebeberin, ana sha minti 20 kafin abinci. Akwai kafson man na'a-na'a, ana haɗiye shi ɗungum, sai dai yakan tayar da ƙwannafi.

In gudawa ce, akwai loferamaid, wato Imodium. Yana rage gudun hanji. Mai tafiya Kano a mota, ko mai wuni a kasuwar kifi, zai iya sha kafin ya fita. Amma in da jini ko zazzaɓi, haramiyarsa ce. Kuma ba na ƙananan yara ba ne.

In cushewa ce, a koma isfagula ko makrogol. Kun ga mutum biyu, cuta ɗaya, magani kishiyar juna. Shi ya sa ba a aron maganin maƙwabci.

Akwai wani da ke ba mutane tsoro, amitiriftilin. Asalinsa maganin ciwon damuwa ne. In likita ya rubuta maka shi, kada ka ce ya ɗauke ka mai taɓin hankali. Ɗan kaɗan ake bayarwa, don ya rage ƙarar saƙon ciwo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. A Ingila an gwada shi a kan mutum 463, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2023. An fara musu da miligiram 10 da dare, ba a wuce 30 ba. Bayan wata 6, waɗanda suka sha na gaskiya sun fi waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta samun sauƙi. Yana da araha. Yana sa barci da bushewar baki, yana iya ɗaure ciki, kuma sai an yi makonni kafin a ji amfaninsa. Likita ne kaɗai zai ba ka, musamman in kana da ciwon zuciya. A ɓoye shi nesa da yara, don in yaro ya haɗiye da yawa, rai ne a kai.

Akwai sababbi a ƙasashen waje, irin su linaklotaid da Amurka ta amince da shi a 2012. Suna da tsada, kuma na wanda sauran suka gaza wa ne. Yawancinmu ba za mu kai ga bukatarsu ba.

Abinci ma na da hannu. Wake, albasa, alkama da ɗanyar madara kan tara wa wasu iska. Na ce wasu. Kada ka haramta wa kanka komai a rana ɗaya har ka rame. Ka cire abu ɗaya na mako biyu, ka gani. In ba sauyi, ka mayar da shi.

Kashi na ƙarshe, shirin zuwa asibiti.

Ka samu takarda, ko ka sa ɗanka ɗan makaranta ya rubuta maka. Mako biyu. Sau nawa ka zaga, mai tauri ne ko ruwa, yaushe ciwon ke tashi, me ka ci. Ranar zuwa ka zuba duk abin da kake sha a leda: na kemis, na asibiti, kwalbar jiƙo, har ƙullin garin da aka ba ka a kasuwa. Ka ajiye gaban likita. In tiramadol ne ma ka faɗa, ba kotu ka je ba. Inna, in kina jin nauyin likita namiji, ki nemi ma'aikaciya mace, haƙƙinki ne. Ki kuma tambaya, wannan maganin kwana nawa zai yi kafin ya fara aiki, kuma yaushe zan dawo? Kowane kwali ka saya, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tsaya kan basir shi kaɗai, da abin da ke sa jini. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.